Rukunin Jini da Tukunyar Gida: Shin Jini Yana Zaɓar wa Mutum Abinci?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan wani al'amari da ya shigo gidajenmu ta wayar hannu, wanda kuma mu mazauna birane ne muka fi yaɗa shi. Da wuya a sami wani a wannan zaure da bai taɓa cin karo da jerin nan da ke yawo a WhatsApp da Facebook ba, wanda ke cewa mai rukunin jini O ya yawaita cin nama ya ƙaurace wa alkama da masara da nono. Mai rukunin A ya bar jan nama ya koma ganye da hatsi. Mai rukunin B ya sha nono ya ci naman rago, amma ya yi nesa da kaza da gyaɗa da riɗi da tumatir da masara. Shi kuwa mai AB ya ɗan taɓa nan ya ɗan taɓa can. Da yawanmu mun karanta, mun tura wa iyali, wasu ma sun buga waya gida Gwandu ko Kalgo suna gargaɗin tsohuwa da ta daina cin abin da ta shekara saba'in tana ci. Niyya kyakkyawa ce, babu shakka. Abin da muke so mu duba a yau shi ne ko maganar tana da tushe.

Ba abin mamaki ba ne da wannan ra'ayi ya sami karɓuwa a wurinmu cikin sauƙi, domin harshenmu ya riga ya share masa fage. Bahaushe yakan ce jininsa ya haɗu da na wane, ko jininsu bai haɗu ba. Yakan ce abinci kaza bai karɓe shi ba. Yakan kuma raba cimaka zuwa mai zafi da mai sanyi. Saboda haka idan aka zo masa da takarda da ke cewa jininsa bai haɗu da gyaɗa ba, aka kuma rubuta ta da Turanci, sai ya ji kamar ilimin zamani ne ya zo ya gaskata abin da ya daɗe yana zato.

Mene ne rukunin jini?

A shekarar 1901 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Karl Landsteiner ya lura cewa idan aka gauraya jinin wasu mutane biyu sai ya dunƙule, na wasu biyun kuma ya zauna lafiya. Daga nan ya gano rukuni uku, abokan aikinsa suka gano na huɗu a 1902, su ne A da B da O da AB. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1930 saboda wannan aiki, wanda shi ya mayar da ƙarin jini abin da ake yi ba tare da caca da rai ba. A 1940, shi da Alexander Wiener suka bayyana wata alamar ta dabam, wadda ake kira risos, ita ce alamar ƙari ko ta ragi da kuke gani a gefen harafin jininku.

Bambancin duka yana kan wata 'yar alama ce da ke manne a bayan jajayen ƙwayoyin jini. Mai A yana da iri ɗaya, mai B yana da wani irin, mai AB yana da duka biyun, mai O kuwa ba shi da ko ɗaya. A Nijeriya kimanin rabin jama'a masu O ne, A da B kowanne yana da kusan kashi ɗaya cikin biyar, masu AB 'yan kaɗan ne. Yana da kyau a sani cewa masana sun ƙidaya tsarin rarrabe jini fiye da 40 a jikin ɗan'adam. Wannan na A da B da O guda ɗaya ne kawai daga cikinsu, ya dai fi sauran suna ne saboda muhimmancinsa wajen ƙarin jini.

Shi kuwa batun haɗa shi da abinci, baƙo ne na jiya-jiya. Wani Ba'amurke mai suna Peter D'Adamo, wanda fanninsa shi ne magani ta hanyar tsirrai da abinci, shi ya fitar da littafi a 1996 mai suna Eat Right 4 Your Type, wato ka ci abin da ya dace da rukuninka. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, an sayar da miliyoyin kwafi, an fassara shi zuwa harsuna masu yawa, daga baya kuma aka biyo shi da ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake sayarwa, kowane rukuni da nasa kwalba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Jerin da ke yawo a wayoyinmu gutsuri-gutsuri ne daga wannan littafi, bayan kowane mai turawa ya ƙara nasa gishiri, shi ya sa za ku ga jeri biyu suna saɓa wa juna a kan abinci guda.

Hujjar marubucin tana tsaye a kan ƙafa biyu. Ta farko labari ne na tarihi: wai O shi ne jinin mafarauta na farko, don haka nama ya dace da shi, A ya ɓullo lokacin da aka fara noma, B kuma jinin makiyaya ne. Labarin yana da daɗin ji, sai dai binciken ƙwayoyin gado bai goyi bayansa ba. Abin da masana suka gano shi ne O yakan samu ne idan ƙwayar gadon da ke ƙera alamar A ta sami tawaya ta daina aiki, don haka ba za a ce O ne uban sauran ba. Bugu da ƙari, ana samun alamun A da B a jinin wasu manyan birai na dawa, waɗanda ba a taɓa ganin sun riƙe fartanya ko sandar kiwo ba.

Mu ma nan gida muna da abin dubawa. Idan da B ne jinin makiyaya, da duk Fulanin da ke kiwo tsakanin Gwandu da Kalgo da fadamar Gulbin Rima masu B ne. Alhali idan aka auna su za a tarar da masu O da masu A da masu B, kamar sauran jama'a, kuma dukansu nono suke sha tun suna goye. Gaskiya ne akwai gado a cikin iya narkar da madara: wasu mutane jikinsu yakan ci gaba da narkar da ita har tsufa, wasu kuma da sun girma sai ɗanyar madara ta riƙa sa su kumburin ciki da gudawa, kuma Fulani suna cikin al'ummun Afirka da suka fi gadon wannan baiwa. Amma ƙwayar gadon da ke kula da haka dabam take da ta rukunin jini, ba ma a wuri ɗaya suke zaune ba. Wanda ɗanyar madara ke damunsa yakan sami sauƙi da nono mai tsami ko kindirmo, ko da wane harafi ne a katinsa.

Ƙafa ta biyu ita ce batun wani sinadari da ake kira lektin, wanda ake samu a wake da hatsi da wasu tsirrai. Marubucin ya ce wannan sinadari yakan shiga jini ya dunƙule shi idan bai dace da rukunin mai ci ba. Lektin kam akwai shi, kuma akwai nau'in jan wake na ƙasashen waje da ke sa amai da gudawa idan aka ci shi bai dahu ba. Amma wannan yana kama kowa da kowa ne, ba ya tambayar rukuni. Kuma dafuwa tana kashe ƙarfin mafi yawan lektin. Wace uwa ce a cikinmu take kawo wa iyalinta wake ɗanye?

Da aka gwada

Mu mutanen ƙasar Gwandu mun gaji tambayar hujja. Garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar har ya rasu a 1829, ba garin da ake karɓar magana ba ne sai an ji daga wa aka ɗauko ta. Ɗan ɗan'uwansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. To bari mu tambayi wannan tsarin cin abinci hujjarsa.

A 2013 wasu masu bincike na ƙungiyar agaji ta Red Cross a ƙasar Beljiyam suka tattara rubuce-rubucen ilimi 1,415 da ake jin suna iya taɓa wannan batu, suka tace su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tak ya cika sharuɗɗansu, shi ma da aka duba sai aka ga wani tsarin jini dabam ya yi magana a kai, ba A da B da O ba. Wato shekara 17 bayan fitowar littafin, babu gwaji ko ɗaya da ya tabbatar da shi.

A 2014 masana a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada suka bi ta wata hanya. Sun duba abincin mutum 1,455, suka auna jininsu da nauyinsu da ƙugunsu da kitsen da ke jininsu. Abin da suka gano yana da ban sha'awa, kuma shi ne zuciyar jawabinmu. Mutanen da abincinsu ya yi kama da wanda aka tsara wa rukunin A, wato yawan ganye da 'ya'yan itace da ƙarancin nama, sun fi sauran ƙarancin ƙiba, bugun jininsu da kitsensu kuma sun fi sauƙi. Sai dai wannan amfani ya samu ga mai O da mai B da mai AB daidai da yadda ya samu ga mai A. Abincin ne ya yi aiki, harafin bai ƙara komai ba, bai kuma rage komai ba. Wani gwajin da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2020, inda aka ɗora masu ƙiba a kan abincin tsirrai zalla tsawon mako 16, shi ma bai ga wani bambanci tsakanin rukunonin ba.

Wannan shi ne amsar wanda zai tashi ya ce mana, "Ai ni na gwada, kuma na ji daɗin jikina." Ba ma ƙaryata shi. Duk jerin huɗun sun haɗu a kan barin lemon kwalba, da kayan gwangwani, da yawan soye-soye, da burodi safe da dare. Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Abuja daga safe zuwa la'asar, idan ya bar waɗannan ya fara lura da abin da yake sa wa bakinsa, tilas tumbi ya ragu, barci ya yi daɗi. Da ya ɗauki jerin maƙwabcinsa bisa kuskure, da sakamakon ɗaya ne.

Akwai kuma tambayar da kowace uwargida za ta yi. Idan maigida mai A ne, matarsa mai B, yana yiwuwa su haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya A, ɗaya B, ɗaya AB, ɗaya O, duk uwa ɗaya uba ɗaya. Tukunya nawa za a ɗora ke nan? Mu da muka tashi muna sa hannu a akushi ɗaya, yara takwas a kewaye da tuwon dawa da miyar kuka, ba a taɓa jin wanda jininsa ya dunƙule ba.

Inda abin yake da haɗari

Da a ce wannan jeri ya tsaya a tsakanin masu hali na birni, waɗanda idan sun bar kaza za su koma kifi, idan sun bar gyaɗa za su sayi wani abu a kanti, da ba mu ɓata lokacin taro a kansa ba. Damuwarmu ita ce abin da ke faruwa idan ya isa gida.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin yara 66 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma a wancan binciken babu jihar da ta kai mu. Binciken ya kuma nuna cewa a faɗin ƙasar mata 58 cikin 100 masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, yara ƙanana kuwa 68 cikin 100. Wannan a jihar da ta yi suna da shinkafa da kifi da albasa, jihar da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a babban birninta a 2015. Har masana tarihi suna cewa sunan Gwandu kansa daga gandu ya samo asali, gandun noman Kanta na Kabi. Tsumburewa kuwa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana bin yaro har aji, kuma abin da aka rasa daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu da wuya a mayar da shi.

Yanzu ku ɗauki mace mai juna biyu a Dalijan ko Kambaza ko Diggi ko Dangoma, wadda aka auna a wurin awo aka ce mata jininta B ne. Yayanta na Kaduna, wanda duk gidan ake jin maganarsa domin shi ne mai ilimi kuma shi ke aiko da kuɗi, ya bugo waya ya ce ta bar gyaɗa da riɗi da kaza da masara da tumatir. Me ya rage mata? Ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da kantun riɗi su ne naman talaka. Ko ku ɗauki mai O da aka hana nono, a gidan da fura da nono ne abincin rana. Ba za ta maye gurbinsu da komai ba, za ta dai ci tuwo da miya tsarwai, ita da abin da ke cikinta.

Ma'aikatan lafiya sun shafe shekaru suna yaƙi da tsofaffin camfe-camfe, irin su kada a ba yaro ƙwai don kada ya yi sata, ko a zubar da dakashi don wai ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. An fara samun galaba. Abin takaici ne a ce mu da aka kashe kuɗi aka tura makaranta mu ne za mu kai wa gida sabon camfi, wanda ya fi na da wuyar cirewa domin ya zo da haruffan boko.

Idan muna so mu aika da shawarar abinci gida, ga wadda ke da hujja. A haɗa hatsi da wake ko gyaɗa ko waken suya, domin abin da gero ya rasa na gina jiki wake yana da shi. A yawaita zogale da rama da yakuwa da lalo da tafasa. A ba yaro da mai ciki ƙwai da kifi da hanta gwargwadon hali; ƙananan kifin fadama da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya suna da amfani fiye da yadda farashinsu yake nunawa. A raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini, lemon tsami da gwaiba da tumatir kuwa suna ƙara shi. Idan akwai gyaɗa ko masarar da ya kamata a guje wa, ita ce wadda ta yi fumfuna a rumbu, domin tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma gubar ba ta duba katin kowa.

Mu kuma na birni, ciwonmu hawan jini ne da ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen ɗanɗano da muke jefawa a miya uku-uku huɗu-huɗu, da yajin tsire da kilishi. Gorar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi 10. Wanda ke shan biyu a yini, ya kuma hau mota daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, ba harafin jininsa ya kamata ya tuhuma ba. Mai ciwon suga ko na ƙoda kuma ya bi tsarin da likitansa ya ba shi, kada ya ajiye magani saboda wani jeri.

Abin da jini yake faɗa da gaske

Kada a fahimce mu da cewa rukunin jini ba shi da wata alaƙa da lafiya. Bincike ya nuna masu O sun ɗan fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amma kwalara takan fi yi musu mugun kamu. Waɗanda ba O ba kuma sun ɗan fi fuskantar daskarewar jini a jijiya. Waɗannan bambance-bambance ne ƙanana, kuma babu wanda abinci na musamman ke gyarawa. Mai O ma gidan sauro zai shiga.

Akwai yanayi guda da gadon jini ke hana wani abinci. Wasu mutane, galibi maza, ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Irin waɗannan, babban waken nan da ake kira ful, wanda alhazanmu ke cin karo da shi a karin kumallo a Saudiyya da Sudan da Masar, yana iya farfasa musu jini, haka ma wasu magunguna. Jariri mai wannan yanayi kuwa, ƙwallon kafur da ake jefawa cikin kayansa yana iya jawo masa shawara mai tsanani. Ana gane wannan da gwaji na musamman, kuma ba ruwansa da A ko B ko O.

Sai babban ruɗanin da muke yawan ji, wato haɗa rukunin jini da jinotayif. Za ka tambayi mutum rukunin jininsa ya ce AA, ko ka tambaye shi jinotayif ya ce O. Abubuwa biyu ne mabambanta. Jinotayif, wato AA da AS da SS da AC da SC, yana magana ne a kan sinadarin da ke cikin jan ƙwayar jini mai ɗaukar iska, shi ne kuma ke da alaƙa da amosanin jini, wato sikila. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. A lura, kowane ciki da nasa lissafi. Ba wai idan an haifi ɗaya mai ciwon sauran ukun sun tsira ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo a Nijeriya duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da gadonsa. A wurinmu da auren zumunci ya yi yawa, abin ya fi kusa. A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif. Babu zogale ko zuma ko jerin abinci da ke mayar da SS ya koma AA. Abin da ke taimaka wa mai ciwon shi ne yawan shan ruwa, da kariya daga sauro da sanyi, da magungunan da asibiti ke bayarwa. Gwajin kuma tun kafin a kai gaisuwa ya kamata a yi shi, ba bayan an sa rana an ɗinka anko ba, lokacin da kunya ke hana kowa janyewa.

Ga iyayenmu mata, alamar risos ita ce abin kula. Kimanin mutum 5 cikin 100 a ƙasar nan suna da alamar ragi. Idan mace mai ragi ta ɗauki cikin ɗa mai ƙari, jikinta yana iya koyon yaƙar jinin ɗan, sai a haifi na fari lafiya, na bayansa kuma su riƙa zuwa da shawara ko su mutu a ciki. Sau nawa aka jingina irin wannan ga wabi ko iska ko kishiya? Akwai allura da ake yi cikin sa'a 72 bayan haihuwa ko ɓari, wadda ke hana faruwar haka, amma sai an san rukunin matar tukuna.

Na ƙarshe shi ne dalilin da Landsteiner ya yi aikinsa tun farko, wato ƙarin jini. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa raka mai naƙuda asibitin Kalgo ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi cikin dare ya san yadda ake rarraba ido idan aka ce a kawo leda biyu, dangi sun cika baranda amma babu wanda ya san rukuninsa, wasu kuma na tsoron idan sun bayar jininsu zai ƙare. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jikin mai lafiya kuma yakan mayar da shi, har namiji yana iya sake bayarwa bayan wata uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiya abu guda da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kowane reshe ya buɗe littafi, kowane memba da ya yarda ya je a auna shi a asibitin da aka amince da shi, a rubuta rukunin jininsa da alamar risos, a ware sunayen masu ragi domin su ne ake shan wuyar samu. Jinotayif kuwa sirrin mai shi ne, a bar wa kowa nasa a hannunsa. A lokacin hutun Sallah, da yawancinmu ke gida, a tuntuɓi hukumomin asibiti a ware yini ɗaya na ba da jini da auna matasa kyauta, a Gwandu shekara ɗaya, a Kalgo shekara mai biye. Muna fatan sakataren kowane reshe zai zo da littafinsa taron baɗi.